Ganuwar ƙasa a Peru da tamu ta Katsina: me ya riƙe tasu?

Malam Kabir, Ƙofar Guga:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida iyayena da malamaina da sauran 'yan uwa na wannan zaure, da fatan damina tana sauka lafiya a inda kowa yake.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a cikin birnin Katsina, kuma tambayar da na zo da ita ba tawa ba ce tun asali, wata ɗaliba ce ta aza mini ita na kasa sauke ta. A makon jiya muna darasi kan daulolin da suka shuɗe a wajen Afirka, sai na nuna wa 'yan aji hotuna biyu a wayata. Na farko na Machu Picchu ne, garin nan na dutse da ke kan tsaunukan Andis a ƙasar Peru, wanda kusan duk mai riƙe da waya ya taɓa cin karo da shi. Na biyu na wani kufai ne da ake kira Chan Chan, shi ma a Peru. Idan da ƙa'idar rubutun Hausa za a bi, sunan zai fito "Can Can" ne, kuma lalle can can ɗin yake. Da yaran suka ga wannan hoto na biyu sai aji ya kaure da surutu, domin katangu ne na ƙasa zalla, masu faɗin gindi da siririn kai, an yi musu zanen kifaye da tsuntsaye a jiki, kai ka ce tsohon gidan wani basarake ne a ƙasar Hausa.

Yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, idan ginin ƙasa zai iya shekara ɗari biyar a tsaye ba kowa a cikinsa, me ya sa ganuwarmu take narkewa alhali muna zaune a gindinta? Gidansu yana kusa da ganuwa, kullum tana wuce abin da ya saura daga gare ta, wato tudun jar ƙasa da awaki ke hawa, da juji a gefe guda, da wurin da wani ya sare ya kafa shago. Na ce mata zan bincika, kuma ba na so in koma aji da amsar kame-kame.

Saboda haka ina roƙon masu sani su warware mini: su wane ne suka gina wannan birni na ƙasa, shin akwai wata dabara a tubalinsu da ta fi tamu, kuma me ya sa sunan Machu Picchu kaɗai ya cika duniya idan har akwai irin waɗannan wurare?

Malama Binta, Rafindadi:

Wa alaikumus salam. Malam Kabir, Allah ya yi wa wannan yarinya albarka, ta yi tambayar da ta girme ta. Labarin ƙasa na koyar har na yi ritaya, don haka ta wajen ruwan sama zan faro, domin mafi yawan amsar a nan take.

Chan Chan ba a kan tsauni yake ba. Yana bakin tekun Fasifik ne a arewacin Peru, daf da birnin Trujillo na yanzu, a cikin wata siririyar hamada da ta ratsa tsakanin teku da duwatsun Andis. Ruwan tekun wannan gaɓa yana da sanyi ƙwarai saboda wata igiya da ke tahowa daga kudu, wadda ake kira Humboldt, kuma ruwa mai sanyi ba ya haɗa hadari, sai dai hazo. Tsaunukan kuma sun tare damshin da ke tasowa daga dajin Amazon ta gabas. Shi ya sa shekara takan zagayo a can ba a sami ruwan da ya kai milimita 10 ba, alhali mu nan Katsina, duk da kukan fari da muke yi, mukan sami wajen milimita 600, kuma a cikin wata huɗu yake zubowa, da iska mai ƙarfi da ke makarsa a bangon gabas. Ruwan dare ɗaya na tsakiyar Agusta a Katsina yana iya fin abin da Chan Chan ke gani a shekaru da dama. Da za a ɗauke ganuwar Katsina yadda take a zamanin kakanninmu a ajiye ta a wannan gaɓa, da har yau mahayi zai iya bin gefenta yana ɗaga kai.

Waɗanda suka gina birnin ana kiransu Chimu, kuma ba Inka ba ne, wato mutanen da suka gina Machu Picchu, sun riga su kafa daula. Sun soma ginin a wajen shekara ta 900 Miladiyya, ya yi ta bunƙasa har faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 20, kuma shi ne birnin ƙasa mafi girma da aka gina a nahiyar Amurka. A tsakiyarsa akwai manyan gidaje tara ko goma, kowanne kewaye da katanga da tsayin wasunsu ya kai mita 9, da ƙuntatacciyar ƙofa guda ɗaya. A ciki akwai filin taro, da jerin rumbuna, da wata irin rijiya mai faɗin baki da ake gangarawa cikinta da ƙafa, da kuma wurin binne gawa. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa kowane gida fadar sarki guda ce, idan ya mutu a binne shi a ciki, danginsa su ci gaba da riƙon gidan da dukiyarsa, magajinsa kuma ya nemi fili ya gina nasa. Kun ga wannan ya saɓa wa al'adarmu, inda Gidan Korau guda ne, sarki ya kau wani ya shiga. A wajen shekara ta 1470 sojojin Inka suka ci garin, suka tafi da sarkinsa Minchancaman da gwanayen maƙeransa zuwa Kusko, babban birnin Inka, daga nan birnin ya soma zama kufai.

Sai dai kada a gaya wa yarinyar cewa Chan Chan ba ya narkewa, domin yana narkewa. Bayan 'yan shekaru akan sami wani sauyi da ake kira El Nino, inda ruwan tekun yakan yi ɗumi, sai sama ta ɓalle a kan hamadar da ba ta saba ba. An ga haka da muni a 1982 zuwa 1983, da 1997 zuwa 1998, da kuma 2017. Ga gishirin da iskar teku ke kawowa, ga damshin gonakin rake da na abinci da ke kewaye da shi yana hawa ta ƙarƙashi. A shekarar 1986 da hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya, a wannan shekarar dai ta sanya shi cikin waɗanda ke cikin haɗari. Kyawawan hotunan da kuke gani daga ɓangare guda ne da aka gyara aka yi wa rumfa, sauran kuwa tuddai ne masu zagayayyen kai, ba su da bambanci sosai da abin da ɗalibarku ke wucewa kullum.

Kusa da shi akwai abin da ya girme shi da ƙarnuka, wato Huaca del Sol, wani katafaren tudun tubali da mutanen Moche suka gina, waɗanda suka yi zamani daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 800. An ƙiyasta cewa tubalinsa ya haura miliyan 130, kuma an tarar da alamomi iri fiye da 100 a jikin tubalan, wani ɗigo, wani layi, wani shatin yatsu, masu alama iri ɗaya kuma sukan taru a sashe guda na ginin. Daga nan masana suka fahimci cewa rabon aiki aka yi, kowace jama'a da nata yankin. Wannan gini kuwa ba ruwan sama ne ya fi yi masa ɓarna ba. A shekarar 1602 wasu Sifaniyawa masu neman zinariya suka karkato kogin Moche suka sake shi a gindinsa don ya wanke musu kaburbura, ya tafi da wajen kashi biyu cikin uku na tudun.

Alhaji Mamman Magini, Daura (jikansa ne ke rubutawa da bakinsa):

Ina yi wa jama'a sallama. Yaron nan ya karanta mini tambayar Malam da amsar Hajiya Binta, ya nuna mini hotunan, na ce ya zauna ya rubuta abin da zan faɗa, domin ni ban yi boko ba, amma da ginin ƙasa na buɗe ido, shi na gada, shi na ci abinci da shi har ƙarfi ya ƙare.

Hajiya ta yi gaskiya a kan ruwa, amma ina so in ƙara wa Malam abin da magini ke gani. Na duba tubalinsu da kyau, na ga mai kusurwa huɗu ne, da alama a cikin akwati aka buga shi. Namu na gargajiya da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini, a jera shi tsinin yana kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Kafin a kai ga haka sai an jiƙa ƙasar, an zuba mata ramno, an tattake ta da ƙafa, an bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, an sake juya ta. Ban ga abin da nasu ya fi namu da shi ba, kuma ban yarda cewa wani asiri suka sa a ciki ba. Faɗin gindi da siririn kai ma haka muke yi, domin bango ya ɗauki nauyin kansa. Maganar alama a jikin tubali kuwa ta ba ni dariya, domin mu ma idan an ba mutane da yawa bugun tubali, kowa yakan danna yatsa ko ya ja kara a nasa, don kada a yi gardama ranar ƙidaya. Ashe halin ma'aikaci ɗaya ne ko'ina.

Bangon ƙasa ta wuri biyu yake mutuwa, ta ka da ta gindi. Ta ka, idan indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya kwanta a kan soro ya bi azara ya shiga ciki. Ta gindi, idan ruwa ya sami wurin tsayawa ya jiƙa tushe, sai ka ga bango yana ɓarɓashi daga ƙasa kamar ɓera na cinsa. Maganin na farko shi ne laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe rufi da kan bango da shi, jikin bango kuma a yi masa makuba, ruwa ya zo ya zame ya wuce. Maganin na biyu shi ne kududdufi. Ramin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa shi ne ke shanye ruwan unguwa, to yanzu an cike kududdufai an yi gidaje a kai, ruwan kuma bai fasa zuwa ba, sai ya nemi gindin bango mafi kusa ya kwanta.

Zan ba da misali da abin da ya same ni, ko da yake har yau ina jin ciwonsa. Zauren mahaifina ya haura shekara 80 a tsaye, da bakan gizo a ciki, duk kaka mukan yaɓe shi. Wata shekara ina jinya, 'ya'yana suka ɗauko wani ɗan kwangila ya lulluɓe shi da siminti, wai don a huta da yaɓe. Shekara ta farko ya yi kyau, kowa yana yabawa. Ashe siminti ba ya barin bango ya sha iska, damshin da ya hau ta ƙasa ya rasa mafita, ƙasar ta ruɓe a ciki, ɓawon simintin yana nan lafiya lau a waje. A damina ta huɗu, da asuba, gefen gabas ya zube gaba ɗaya. Da na sa hannu a cikin ƙasar da ta fito, laushinta kamar kunu.

Game da ganuwa kuwa, abin da muka ji daga bakin manya shi ne, idan an gama kawar da amfanin gona sarki yakan sa a yi shela, kowace unguwa da kowane ƙauye su fito su gyara rabonsu. Ranar da yaƙi ya ƙare aka daina tsoron mahara, ranar aka daina shelar. Mu magina mun san ɗakin da ba a kwana a cikinsa ya fi saurin faɗuwa. Abin da nake so Hajiya ta amsa mini shi ne, tunda mutanen can suna da kuɗin kafa rumfa a kan bango, me ya hana su kira magina su yaɓe shi kawai?

Abdurrashid, ɗalibi:

Ina neman afuwar iyayena, ni ƙarami ne a nan. Na ƙasa dai mun ji, amma na dutse fa? Na ga bidiyon wani wuri a saman birnin Kusko mai suna Sacsayhuaman, inda aka jera duwatsu da wasunsu suka fi ton 100, an haɗa su ba siminti, kuma ko reza ba ta shiga tsakaninsu. Mutanen nan ba su da baƙin ƙarfe, ba su da amalanke, ba su da doki ko raƙumi. Haka kuma manyan zane-zanen da ke shimfiɗe a hamadar Naska ta kudancin Peru, waɗanda aka ce sai daga jirgin sama ake gane su. Mai bidiyon ya ce wasu halittu ne daga wata duniya suka yi, wani abokina kuma ya ce aikin aljanu ne. Ni dai hankalina ya kasa ɗaukar cewa hannun ɗan Adam ne.

Injiniya Aminu, Sabuwar Unguwa:

Abdurrashid ƙanena, mamakinka yana kan hanya, amma amsar mai bidiyon ba ta kan hanya. Ka lura da wani abu: ba a cika jin an ce baƙin halittu ne suka gina manyan majami'un Faransa ko gadojin Rum ba, sai an zo kan Masar ko Zimbabuwe ko Peru ake neman wani magini daga sama. Wannan raini ne da aka yi wa ado, kuma bai kamata mu da aka daɗe ana yi wa irinsa mu taya yaɗa shi ba.

Maginan Inka sun bar shaidar aikinsu a fili. A Ollantaytambo, wani gari a kwarin kogin Urubamba, ana ganin mahaƙar da aka fasa duwatsun a ƙetaren kogi, da gangaren da aka gina don jan su, da manyan duwatsu da aka yasar a kan hanya ba su kai ba, waɗanda mutanen wurin ke kira gajiyayyun duwatsu. A mahaƙun an tsinci duwatsun kogi masu tauri da aka yi amfani da su a matsayin guduma, kuma a shekarun 1980 wani masanin gine-gine mai suna Jean-Pierre Protzen ya ɗauki irinsu ya sassaƙa dutse da hannunsa, ya fitar da shati irin wanda ke jikin katangun. Duk wanda ya taɓa ganin ana koɗa dutsen niƙa ya san yadda abin yake, bugu ne kaɗan-kaɗan har fuska ta daidaita. Haɗin da reza ba ta shiga kuwa gwaji ne da haƙuri: a ɗora, a duba inda ya taɓa, a ɗaga, a rage, a sake ɗorawa. Abin da suke da shi a madadin inji shi ne mutane da igiya. Talakan Inka ba da kuɗi yake biyan haraji ba, da aikin jikinsa yake biya, ana kiran wannan tsari mita, kamar gayya ce amma ta dole kuma bi da bi. Wani marubuci Basifaniye, Pedro Cieza de Leon, wanda ya zaga ƙasar ba da daɗewa ba bayan an ci ta, ya rubuta cewa mutum 20,000 aka sa a aikin Sacsayhuaman. Abin da ya rage a wurin yau manyan duwatsun ne kawai, domin ƙananan Sifaniyawa sun kwashe sun gina gidajensu da majami'unsu a Kusko.

A matsayina na mai aikin gini, abin da ya fi burge ni ba girman dutsen ba ne. Ƙasarsu mai girgiza ce, sai suka riƙa karkata bango kaɗan zuwa ciki, ƙofofi da tagogi kuma gindinsu ya fi kansu faɗi, duwatsun da ba a liƙe ba sukan motsa su koma mazauninsu. A girgizar ƙasa ta 1950 a Kusko, majami'ar Santo Domingo da aka ɗora a kan babban ɗakin bautar Inka ta lalace ƙwarai, katangar Inka da ke ƙarƙashinta kuwa ta tsaya.

Machu Picchu kuma yana gaskata maganar Baba Alhaji Mamman, Allah ya ƙara masa lafiya. An gina shi a wajen 1450, zamanin sarki Pachacuti, a tsayin mita 2,430, a wurin da ruwan sama ke kusan kai milimita 2,000 a shekara, wato ninki uku na namu. Abin da ya hana shi zamewa cikin kwari shi ne aikin da ba ya fitowa a hoto: a ƙarƙashin kowane matakin gona an shimfiɗa manyan duwatsu, sannan tsakuwa, sannan yashi, sannan ƙasar noma, kuma an bar kafofin fitar ruwa fiye da 100 a jikin katangu. Rufin ɗakunan na ciyawa ne, ya daɗe da ruɓewa. Su ma Inka sun yi ginin ƙasa, a Raqchi akwai wata doguwar katanga da gindinta dutse ne samanta tubali, kuma a zamanin nan an ɗora mata ɗan rufi a ka don ta tsira daga ruwa.

Zanen Naska ya fi duk waɗannan sauƙin bayani. Fuskar hamadar a rufe take da tsakuwa mai duhu-duhun ja, ƙarƙashinta ƙasa ce mai haske, idan ka share tsakuwar ka tara ta a gefe sai layi ya fito. An sami turakun itace a ƙarshen wasu layukan, kuma da turke da igiya duk mai awon fili zai iya faɗaɗa ƙaramin zane ya zama babba. Akwai biri, akwai gizo-gizo, akwai tsuntsu mai dogon baki da tsawonsa ya haura mita 90, kuma da yawansu ana hango su daga tuddan da ke kewaye. Rashin ruwa ne ya adana su tun daga tsakanin shekara 500 kafin Miladiyya zuwa 500 bayanta, kuma sawun taya ɗaya yana iya ɓata su, kamar yadda babban titin da ya ratsa yankin ya raba zanen ƙadangare biyu.

Malama Binta, Rafindadi:

Baba, Allah ya ja kwana, tambayarku ta fi tawa amsar nauyi. Dalilin da ya sa ba sa yaɓe shi gaba ɗaya shi ne, masu binciken kayan tarihi suna ɗaukar ƙasar da Bachimu ya shafa da hannunsa a matsayin shaida, idan aka lulluɓe ta da sabuwa an rufe abin da ake son karantawa. Sukan toshe tsaga, su ƙarfafa gindi, su shafa sabuwar ƙasa a saman bango don ta karɓi dukan ruwa, wani wurin ma su sake binne zanen da yashi bayan sun ɗauki hotonsa. A ganina wannan daidai ne ga kufai, amma ba daidai ba ne ga ginin da jama'arsa ke raye. Hasumiyar Gobarau ba don an bar ta yadda take ta kawo yau ba, don ana komawa kanta da gyara ne. Su ma mutanen Andis suna da irin wannan: gadar Qeswachaka da ke kan kogin Apurimac da ciyawa ake tufka ta, kuma duk watan Yuni ƙauyukan da ke gefenta sukan taru su yanke tsohuwar su ɗaura sabuwa.

Na ga ba a amsa wa Malam Kabir tambayarsa ta ƙarshe ba. Machu Picchu ya yi suna ne saboda Sifaniyawa ba su kai gare shi sun rushe ba, saboda kyan wurin a hoto, da kuma saboda Ba'amurken da ya kai labarinsa duniya, Hiram Bingham na jami'ar Yale, wanda ya isa wurin a watan Yulin 1911. Akan ce shi ya gano shi, alhali wani manomin yankin mai suna Melchor Arteaga ne ya yi masa jagora, kuma ya tarar da iyalai suna noma a kan matakan. Kayan da ya kwasa zuwa Amurka sai a 2011 da 2012 aka mayar wa Peru, bayan doguwar jayayya. Amma a tarihin yankin Machu Picchu ɗan auta ne, wajen shekara 80 kacal tsakaninsa da ranar da Pizarro, jagoran mayaƙan Sifaniyawa, ya kama sarkin Inka Atahualpa a Cajamarca a 1532. Tsohon birnin Karal, a kwarin Supe arewa da Lima babban birnin Peru, inda masaniyar kayan tarihi Ruth Shady ta soma aiki a 1994, ya kai wajen shekara 2600 kafin Miladiyya, wato tsaran dalar Giza ta Masar ne, kuma maginansa sukan cika ragar ciyawa da duwatsu su jera a cikin tushe. Birnin Tiwanaku kuma, kusa da tafkin Titikaka a Bolibiya, ya yi tashe ya faɗi ƙarnuka kafin a ji sunan Inka.

Akwai labari guda da nake so ku kai wa 'yan ajinku. A 1987 ɓarayin kaburbura suka fasa wani tudun tubali a Sipan, a arewacin Peru, suka yi ta fitar da zinariya har rikicin rabo ya kai maganar ga 'yan sanda, su kuma suka kira wani masani mai suna Walter Alva. Da ya tsare wurin ya ci gaba da haƙa a tsanake, sai ya tarar da kabarin wani basaraken Moche da ba a taɓa ba, kuma cikin kayan adonsa akwai abin wuya na ƙwayoyin gyaɗa 20 da ɓawonsu, 10 na zinariya, 10 na azurfa. Gyaɗar da muke ɗauka tamu ce tun fil azal daga Amurka ta Kudu ta zo mana. Kayan suna wani gidan tarihi da aka buɗe a Lambayeque a 2002, kusa da inda aka tono su. Mu ma muna da makamancin wannan a Durɓi Takusheyi ta ƙasar Mani, inda aka haƙa kaburburan sarakuna a 1907 da 1992, aka sami kayan ado na ƙarfe da zinariya, har aka kai su Mainz ta Jamus aka gyara.

Malam Kabir, Ƙofar Guga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Na kwafe bayanin laso da na kududdufi kalma da kalma, domin ban taɓa ganinsu a littafin da muke koyarwa da shi ba. Na nemi izinin shugaban makaranta in fita da 'yan ajin ranar Asabar mai zuwa, mu fara da Gobarau, mu bi gefen ganuwa da igiyar awo mu auna faɗin gindinta a wurare uku, mu duba inda ruwa ke kwanciya, sannan su zana abin da suka gani kusa da hoton Chan Chan. Ɗalibar da ta tayar da maganar ita za ta riƙe littafin awo. Baba, idan akwai wani almajirinku a nan Katsina da har yanzu yake haɗa laso, ina roƙon jikanku ya turo mini saƙo ta akwatin sirri, ina so yaran su ga yadda ake kwaɓa shi kafin ruwa ya ɗauke.